Tattakin Neman Taimako a Bakin Kogin Thames: Dalilin da Ruwan Hunturu Ke Cinye Hanya

A Ingila akwai wata al'ada da baƙo kan yi mamakinta. Idan ciwon daji ya ɗauke uwa, ko asibitin yara ya ceto ran jariri, bayan an share hawaye ko an gama murna sai ka ji iyalin sun ce za su yi tattaki. Za su taka daga gari kaza zuwa gari kaza, ko su tuƙa kwalekwale, su roƙi dangi da maƙwabta da abokan aiki kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Kuɗin kuma ba aljihunsu za su shiga ba, na ƙungiyar da ke binciken maganin ciwon ne, ko na gidan jinyar da ya kula da mamaciyar a kwanakinta na ƙarshe. Wahalar tafiyar ita ce abin da iyalin ke bayarwa a madadin kuɗin jama'a. Da hannu kawai suka miƙa suka ce a taimaka, da abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Amma mutum ya ga hoton yarinya 'yar shekara 10 da jaka a baya da taɓo har gwiwa, hannunsa da kansa yake shiga aljihu.

A da takarda ake zagayawa da ita, kowa ya rubuta sunansa da abin da zai bayar a kan kowane mil da aka taka. Yanzu shafin intanet ake buɗewa, irin su JustGiving, a sa hoton wanda ake yi dominsa, a rubuta adadin da ake buri da ranar tashi, kuɗin su riƙa wucewa kai-tsaye zuwa asusun ƙungiyar. Gwamnati ma tana sa nata hannun: idan mai bayarwa yana biyan haraji a Birtaniya, a kan kowane fam 100 da ya bayar hukumar haraji na ƙara wa ƙungiyar fam 25, tsarin da ake kira Gift Aid. Wanda ya nuna wa duniya iya inda abin zai kai shi ne Kyaftin Tom Moore, tsohon soja ɗan shekara 99, wanda a watan Afrilun 2020 ya ce zai zagaya lambun gidansa sau 100 don tara fam 1,000 ga ma'aikatan lafiya, ya ƙare da sama da fam miliyan 32. Nasa dai ya fita daban. Yawancin iyalai 'yan dubbai suke nema, kuma ba wanda ke jin labarinsu sai waɗanda suka san su.

Cikin hanyoyin da irin waɗannan iyalai suka fi ƙauna akwai turbar da ta bi gaɓar Kogin Thames. An buɗe ta a hukumance a 1996, tsawonta ya kusa kilomita 300, daga mafarin kogin a wani fili kusa da ƙauyen Kemble a yankin Gloucestershire, ta ratsa Cricklade da Lechlade da Oxford da Reading da Henley da Windsor, har cikin Landan inda aka gina katafaren shingen tare ruwan teku. Mai ƙarfi yakan gama ta cikin kimanin mako biyu. Abin da ya sa ta dace da iyali a fili yake. Ba hawa ba gangara, don daga mafarin har teku kogin bai sauka fiye da kimanin mita 110 ba. Ɓata hanya sai da ganganci, tunda kogi na gefenka. Daga Oxford zuwa ƙasa kuma kusan kowane zango akwai tashar jirgin ƙasa da masauki, kaka za ta iya shigowa ta taka yini ɗaya ta koma gida, yara su yi hutun ƙarshen mako su koma makaranta.

To me zai sa mai hankali ya zaɓi hunturu? Galibi ba zaɓa aka yi ba. Yara suna da hutun mako biyu na Kirsimeti da na mako guda a tsakiyar Fabrairu, uba da uwa sai sun daidaita hutun aiki, ɗakin kwana ya fi araha a lokacin sanyi. Sannan akwai ranar da ba ta motsuwa, wato ranar da mamacin ya cika shekara da rasuwa ko ranar haihuwarsa. Wasu kuma sun fara ne tun kaka suna cin zango ɗaya duk Asabar, hunturu ya riske su a tsakiyar hanya. Akwai ma masu ganin cewa tafiyar sanyi ta fi jan tausayi, kuma ba ƙarya suka yi ba.

A ƙaddara ga iyali na mutum biyar sun tashi daga Cricklade da safe za su Lechlade, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Rabin awa da barin gari sai su iso wani ɗan ƙyauren katako da ake bi a shiga makiyaya. Ƙyauren na nan tsaye, alamar turbar na manne a jikinsa tana nuna gaba, amma gaban babu ƙasa. Ruwa ne launin shayi da madara ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya, kan ginshiƙan shinge kaɗai ke leƙowa a jere, agwagin ruwa na iyo a inda shanu ke kiwo da bazara. A jikin wayar shingen kusa da su ga busasshiyar ciyawa da ledoji sun maƙale a tsayin ƙirjin babba, shaidar inda ruwan ya kai kwanaki kaɗan da suka wuce. Ba a yi ruwan sama ba jiya, ba a yi shekaranjiya ba, sama tas take. A nan uba zai ciro waya yana duba taswira, yara na cewa ai bai fi idon sawu ba, mu bi kawai.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne asalin turbar. Ba don masu yawon buɗe ido aka fitar da ita ba. Daga wajen Lechlade zuwa Landan, mafi yawanta tsohuwar hanyar dawakai ce da mutanen da ke jan jiragen dakon kaya da igiya, kafin jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19 ya kashe sana'ar. Mai jan jirgi da igiya dole ya bi leɓen ruwa, ba zai hau tudu ba. Saboda haka turbar tana wurin da ruwa ke fara takawa da zarar ya fito daga makwancinsa, kuma nan ne yake bari a ƙarshe. Masu kula da ita da kansu suna gargaɗin cewa a hunturu ruwa na shafe wasu sassanta, musamman daga Oxford zuwa sama.

Na biyu shi ne yanayin. Hunturunmu na ƙura ne da tsagewar leɓe, nasu na ruwa ne da duhu. Abin mamaki, ba wai ruwan sama ya yi musu yawa ba ne a lissafin shekara. Landan tana samun kimanin milimita 600, Kano ma takan fi haka a yawancin shekaru. Bambancin yana ga abin da ke faruwa da ruwan bayan ya sauka. Da bazara rana na da tsawo, itatuwa da ciyayi na zuƙe ruwa, ƙasa na da ƙishirwa, abin da ke isa kogi kaɗan ne. Daga Nuwamba ganye ya zube, rana ba ta da zafin busar da komai, a tsakiyar Disamba ma hasken yini bai cika awa takwas ba. Ƙasa sai ta sha ta ƙoshi. Daga nan duk ɗigon da ya sauka ba shi da wurin zuwa sai kwari. Ruwan da a watan Yuli ba zai ko ɗaga kogin ba, a Janairu shi zai fitar da shi daga gaɓa. Hadarin kuma daga Tekun Atlantika yake tasowa, wata igiyar iska mai tsananin gudu can sama ke koro shi. Idan igiyar ta kafe a saitin kudancin Ingila, guguwa kan biyo guguwa mako bayan mako, ta farko ba ta gama tsiyayewa ba ta biyu ta iso.

Abin da ya fi ruɗa matafiya shi ne jinkirin kogin. Thames ba irin rafin da ke cika da la'asar ya ƙafe da safe ba ne. Tuddan da ke ciyar da shi, na Cotswolds da na Chilterns, duwatsun farar ƙasa ne da na alli masu shan ruwa. Ruwan sama yakan nutse cikinsu, ya yi makonni yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya ɓullo ta idanun ruwa. Mafarin kogin kansa, inda aka kafa dutsen shaida a gindin wata bishiya, yawancin shekara a bushe yake ƙayau. A farin 2022 sai da aka gangara kilomitoci kafin a ga ruwa. Amma a hunturu mai ruwa filin kan zama tafki. A ƙasan tuddan kuma, wajen Oxford, yumɓu ne da ba ya shan komai, shi nasa ruwan nan take yake turawa. Ga kuma ƙananan koguna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, Windrush da Evenlode da Cherwell kafin a bar Oxford, Kennet a Reading, Loddon da Colne da Wey da Mole can ƙasa, kowanne da lokacin da cikarsa ke isowa. Tudun ruwan yakan ɗauki kwanaki yana gangarowa. Mutanen Yamai sun san irin wannan: Kogin Kwara yakan sake cika a wajensu cikin Disamba da Janairu, ana tsakiyar sanyi ba ko gajimare, domin ruwan daminar tuddan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Na Thames kwanaki ne da makonni, ba watanni ba, amma darasin ɗaya ne ga mai shirin tafiya. Hasashen yanayi na gobe ba shi ke gaya maka ko hanya a buɗe take ba. Ruwan da aka yi wata guda da ya wuce shi ke da ta cewa.

Wani zai ce, ba akwai madatsu a kogin ba? Akwai, guda 44 daga kusa da Lechlade zuwa Teddington inda ruwan teku ke tsayawa, Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ke tafiyar da kusan dukkansu. Sai dai ba irin Tiga ko Kainji ba ne da ke ajiye ruwa a bayansu. Kowace ɗan shinge ce mai ƙofofi da ke riƙe zurfin da jirgi zai iya bi, da wani ɗaki mai ƙyaure biyu a gefe inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi. Idan ruwa ya ƙaru mai gadin madatsar yakan riƙa buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya buɗe ta ƙarshe, aikinsa ya ƙare, kogi ya koma hannun kansa. Abin da ya rage masa shi ne ya rataya allo a jikin ƙyauren. Rawaya na nufin ruwa na ƙaruwa ko yana raguwa, masu kwalekwale su nemi gaɓa. Ja na nufin ruwa ya yi ƙarfi, ana shawartar kowane irin jirgi kada ya motsa. A hunturu mai ruwa jan allon kan shafe makonni bai sauko ba, kuma iyalin da suka shirya yin tafiyarsu da kwalekwale a nan zancensu ke ƙarewa, tun kafin a zo batun turba.

A nan ne nake ganin mutane ke yi wa lamarin gurguwar fahimta. Ana ɗaukar ruwan da ya rufe makiyayar nan a matsayin tsautsayi, ko gazawar hukuma. Alhali fadamar aikinta take yi. Filin Port Meadow da ke arewa maso yammacin Oxford ɗaruruwan shekaru ke nan ba a noma shi, kiwo kawai ake yi, kusan duk hunturu yana zama tafki. North Meadow ta Cricklade an killace ta ne saboda furannin da ba sa tsirowa sai a ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta. Runnymede, inda Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta a 1215, ita ma fadama ce. Duk ruwan da ya baje a irin waɗannan filaye ruwa ne da bai shiga ɗakin kowa ba a wannan daren. Wato ruwan da ya tare iyalinmu a bakin ƙyaure, da an hana shi kwanciya a nan, da a wata unguwa ta Oxford ko Abingdon zai kwana.

Hana shi kwanciyar kuma an gwada, an ga abin da ya biyo baya. A 2002 aka buɗe wani kogi da aka haƙa da hannu, Jubilee River, mai tsawon kusan kilomita 12, don ya ɗebe ruwa daga sama da Maidenhead ya zagaye da shi bayan Windsor da Eton. Garuruwan nan sun samu sauƙi. Amma ruwan a kusa da Datchet yake komawa cikin Thames, kuma tun ambaliyar Janairun 2003 mutanen Datchet da Wraysbury ke cewa an tsame masu hali an juye musu. Hukuma ta sha musanta cewa sabon kogin ya ƙara musu ruwa, su kuma ba su taɓa yarda ba.

Hunturun 2013 zuwa 2014 shi ya fito da komai fili. Tun da aka fara ajiye lissafin ruwan sama na Ingila da Wales a 1766 ba a taɓa ganin hunturu mai ruwa kamarsa ba a lokacin. Kogin da a matsakaici yake wucewa da kimanin tan 65 na ruwa duk sakan a wajen Kingston, a Fabrairun 2014 ya haura tan 500. An fitar da gargaɗi mafi tsanani, wanda ke nufin akwai barazana ga rai, har guda 14 a lokaci ɗaya a bakin Thames cikin yankunan Berkshire da Surrey. An kai sojoji suna jera buhunan yashi, Firaminista David Cameron ya fito ya ce kuɗi ba za su zama matsala ba wajen agaji. Shingen Landan, wanda aka gina don tare ruwan teku bayan bala'in ambaliyar teku ta 1953, an rufe shi sau 50 a wannan hunturu ɗaya. Yawancin rufewar ma ba don tsoron teku ba ne: ana rufe shi ne lokacin da teku ta janye, don kada ta dawo ta cike gurbin da ruwan kogi ke bukata ya zuba. Shekara 10 bayan haka, a farkon Janairun 2024, guguwar da aka sa wa suna Henk ta sauka a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, Thames da Severn da Trent duk suka fita daga gaɓa, aka rufe titin Abingdon da ke shiga Oxford ta kudu. Watanni 18 daga Oktoban 2022 zuwa Maris 2024 su ne mafi ruwa da Ingila ta gani tun 1836.

Mu koma ga yaran da ke cewa bai fi idon sawu ba. Wataƙila a bakin ƙyauren haka ne. Matsalar ita ce ruwan ya shafe layin da ke raba turba da kogi, kuma turbar a wurare da yawa taku biyu ne tsakaninta da gaɓa. Ruwa mai launin ƙasa ba ya nuna rami, ba ya nuna inda gaɓa ta zabtare, ba ya nuna ɗan kwalbatin katako da ya tafi. Hukumomin can suna yawan tunatarwa cewa ruwa mai gudu da bai wuce zurfin santimita 15 ba yana iya kayar da babba, na santimita 30 kuma ya ɗaga mota. Sanyin ma kisa yake yi da kansa. Ruwan da bai kai digiri 15 ba, da ka faɗa numfashinka ke ƙwacewa, ka shaƙi ruwa tun kafin ka tuna ka iya iyo, na Thames kuwa a Janairu ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wanda ya faɗa da rigunan sanyi da takalmin tattaki da jaka a baya, sai dai Allah ya kiyaye.

Ga kuma ƙazanta, wadda ba a cika son faɗa ba. A garuruwa da yawa na Ingila bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na masai. Idan ya cika, maimakon ya koma cikin gidaje, an bar masa ƙofar da zai zube a kogi. A 2023 jimillar lokacin da irin waɗannan ƙofofi suka yi suna zuba a faɗin Ingila ya kai kimanin awa miliyan 3.6. A 2017 kotu ta ci kamfanin Thames Water tarar sama da fam miliyan 20 saboda najasar da ya saki cikin kogin da rassansa. Babban ramin nan mai tsawon kilomita 25 da aka haƙa a ƙarƙashin Landan don tare wannan ƙazanta na birnin ne kawai, bai shafi Oxford ko Reading ba. Ɗan wasan barkwanci David Walliams, da ya yi iyo na kilomita 225 daga Lechlade zuwa tsakiyar Landan cikin kwana takwas a Satumban 2011 ya tara sama da fam miliyan ɗaya, amai da gudawa sun kusa tsayar da shi, shi da ke da likitoci da jiragen rakiya. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwa, wadda ke shiga ta ɗan ƙaramin rauni. Ita ta kashe Andy Holmes, gwanin tseren kwalekwale mai lambobin zinare na Olamfik, a 2010. Yaro mai kanta a dunduniya bayan tafiyar kwana uku, ba ruwan da za a sa ƙafarsa ba ne.

Duk da haka mutane na shiga. Ba don jahilci ba, don alƙawari kaya ne. An riga an shelanta rana, mutum 200 sun ba da kuɗi, an buga riguna da hoton mamaciya, jaridar gari ta ce za ta aiko mai ɗaukar hoto ranar isowa, an biya kuɗin ɗakunan kwana da ba a mayarwa. Fiye da duka, tafiyar ta zama wata hanya ta zaman makoki, juyawa baya kuma sai ya zama kamar an ci amanar wanda ya tafi. A ganina wannan nauyi na zuciya ya fi ruwan kansa haɗari, don shi ke sa uba mai hankali ya ce bari in gwada in gani. Idan kuma abin ya ɓaci, waɗanda za su shiga ruwan su ciro shi 'yan kwana-kwana ne da 'yan sa-kai, a ranar da ake bukatarsu wajen kwashe tsofaffi daga gidajen da ruwa ya ci. Wasu daga cikin ƙungiyoyin ceton nan su ma da irin wannan kuɗin tattaki suke sayen jiragensu.

Abin da yawanci ba su sani ba shi ne, ƙa'ida ta riga ta sauke musu rabin kayan. Hukumar da ke sa ido kan tara kuɗin taimako, wadda aka kafa a 2016, ta bambanta iri biyu. Kuɗin da aka bayar ba tare da sharaɗi ba sun zama na ƙungiyar, ko an gama tafiya ko ba a gama ba. Waɗanda aka bayar da sharaɗi, kamar fam ɗaya a kan kowane mil ko sai an kai ƙarshe, idan tafiyar ta fasu wajibi ne a koma ga masu bayarwa a tambaye su ko sun yafe, wanda bai yarda ba a mayar masa. Tsohuwar takardar nan ta mil-mil ta fi faɗawa kashi na biyu, shafin intanet kuma na farko, tunda mutum ya danna ya biya tun kafin a ɗaura takalmi. Da wuya ka ga wanda ya ba gidan jinya fam 20 ya dawo yana neman abinsa don kogi ya cika. Abin da ke ɓata wa masu bayarwa rai shi ne ɓoye-ɓoye: a hau mota a tsallake kilomita 30, a ɗauki hoto a gaba, a yi shiru. Wanda ya sa hoton ƙyauren nan da ruwa a bayansa ya rubuta cewa yau mun juya, ba wanda zai zarge shi, wani ma sai ya ƙara.

Juyawar ma ba hutu ba ce. Zagayen da ya fi sauƙi shi ne bin titin mota, ƙananan titunan karkarar Ingila kuma ƙunci gare su, shingen ƙaya dama da hagu, ba gefen masu tafiya a ƙasa, ga kwana-kwana. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba. Iyali da yara a irin wannan titi da magariba, an gudu ne ba a tsira ba. Zagayen kilomita uku yakan zama takwas idan gadar da ake nufa ita ma ruwa ya kewaye ta, kuma tsakanin Lechlade da Oxford gadoji da ƙauyuka tazara gare su, motar haya ba kullum ba. Shi ya sa masu dabara kan canza tsarin gaba ɗaya. Wasu su tsallake zuwa ɓangaren Landan inda gaɓar ginanniya ce, ko da yake can ma wajen Richmond cikar teku kan hau turba na 'yan awoyi. Wasu su hau tudu: a Goring wata tsohuwar turba mai suna Ridgeway ta tsallaka Thames, tsawonta kusan kilomita 140, tana bin doron tuddan alli. Dubban shekaru mutane ke bin ta, kuma ba a banza mutanen farko suka bar kwari suka bi ta sama ba. Santsi da iska za su wahalar da kai, amma ƙasa na nan a ƙarƙashin ƙafarka. Idan dai kilomita 300 aka yi wa jama'a alƙawari, ana iya cika su ba tare da an taka fadama ba.

Alamu na nuna irin wannan juyawa za ta ƙaru. Duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumi yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, kuma masana yanayin Birtaniya sun daɗe suna cewa hunturunsu zai ƙara ɗumi ya ƙara ruwa. A ƙarshen 2024 Hukumar Kula da Muhalli ta ce gidaje da wuraren sana'a miliyan 6.3 a Ingila na cikin haɗarin ambaliya, adadin da zai iya kaiwa miliyan 8 zuwa tsakiyar ƙarnin nan. Kuɗin kariya wajen gidaje za su tafi, kuma haka ya dace. Ba wanda zai gina katanga don kare turbar masu tattaki. Shirin da aka tsara wa Oxford ma sabuwar hanyar ruwa ce ta kimanin kilomita biyar da za a fitar cikin fadamar yammacin birnin, wato a ƙara wa fadama aiki. Can ƙasa kuma, babban shirin da aka yi wa garuruwan da suka sha wuya a 2014 ya daɗe yana jan ƙafa, kuma a 2020 aka cire ɓangaren da zai kare Datchet da Wraysbury saboda ƙaramar hukumarsu ta kasa kawo nata kason.

Iyalin da ruwa ya tare a Janairu yawanci sukan ɗage sauran zangunan zuwa hutun Ista ko farkon bazara, lokacin da jan allo ya sauko, taɓo ya fara bushewa. Galibi hakan na fisshe su. Sai dai ambaliyar da Thames ya fi yin suna da ita a ƙarni na 20 a watan Maris ta zo, a 1947, da dusar ƙanƙara ta narke a kan daskararriyar ƙasa. Wadda ta shiga gidajen yammacin Oxford a 2007 kuwa a ƙarshen Yuli ta zo, daidai lokacin da makarantu ke rufewa don dogon hutu.